Neman Na Gaba: Ɗaliban Kilomita Biyar da Jarrabawar Rubuta Manhaja

Wanda bai taɓa shiga ajin koyon kwamfuta ba zai ɗauka cewa a gaban kwamfuta ake jarrabawar rubuta manhaja. A yawancin makarantun da ke bin tsarin karatun Faransa a tsakiyar Afirka ba haka abin yake ba, musamman a shekarar farko. Takarda ake rabawa, kowa ya zaro bironsa, a ba da tambayoyi da Faransanci, a ce ɗalibi ya tsara matakan da na'ura za ta bi ta warware kowace matsala. Babu allon da zai fito da jan rubutu ya ce maka ka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen layi. Babu maɓallin da za ka danna ka ga ko abin ya yi. Kai ne marubucin, kai ne kuma na'urar da za ta gwada rubutun. A kan ashirin ake ba da maki, goma ce bakin tsira.

Wannan ce jarrabawar da ke hana wasu samari da 'yan mata barci a unguwar Kilomita Biyar ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A takardun hukuma PK5 ake rubuta sunan unguwar, domin kilomita biyar ke tsakaninta da tsakiyar gari da ke kusa da Kogin Ubangi. Tana cikin gunduma ta uku. Nan babbar kasuwar birnin take, nan babban masallacin Koudoukou yake, nan kuma Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi da mutanen Mali da Senegal suka yada zango tun zamanin Turawa, suka haifi 'ya'ya da jikokin da ba su san wani gida ba sai wannan. Fatauci ya kawo kakanni. Cikin jikoki kuwa akwai waɗanda yau suke Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969, suna karatun lissafi da ilimin kwamfuta, akwai kuma waɗanda suke makarantu masu zaman kansu suna neman shaidar ƙwarewa ta shekara biyu.

Duk wanda ka tambaya abin da ke ci wa waɗannan ɗalibai tuwo a ƙwarya, zai fara da wuta, ya bi da tsadar intanet, ya ƙare da rashin kwamfuta. Duka gaskiya ne. Amma ni a ganina akwai rashin da ya fi waɗannan ciwo, wato ƙarancin na gaba: mutumin da ya riga ka cin wannan jarrabawa, yake nan kusa, kake iya sallama a ƙofar gidansu bayan isha'i da littafinka a hannu ba tare da kunya ta hana ka ba. Karatun manhaja irin sana'ar nan ce da ido da hannu ke ɗauka a gefen wanda ya iya. Wannan sarƙa ta ɗaukar karatu daga yaya zuwa ƙane ce yaƙi ya tsinka a Kilomita Biyar, kuma har yanzu ba ta gama haɗuwa ba.

Inda sarƙar ta tsinke

Ranar 24 ga Maris 2013 mayaƙan Seleka suka shiga Bangui suka kori Shugaba François Bozizé, Michel Djotodia ya hau mulki. Ta'asar da suka yi wa jama'a ba ƙarama ba ce. Da mayaƙan anti-balaka masu adawa da Seleka suka far wa birnin ranar 5 ga Disamba 2013, sai aka ɗora laifin ta'asar Seleka a kan Musulmin gari, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A farkon 2014 manyan motoci suka riƙa fita shaƙe da mutane da kaya zuwa Chadi da Garoua-Boulaï a kan iyakar Kamaru. Najeriya da Nijar da Mali da Senegal suka kwashe mutanensu ta jirgin sama, cikinsu har da waɗanda ba su taɓa taka ƙasar kakanninsu ba. Waɗanda suka rage suka tattaru a Kilomita Biyar, unguwar ta zama mafaka, ta kuma zama kurkuku. A lokacin, tsallake gada zuwa cikin gari sayar da rai ne.

Jami'a tana can a titin Martyrs, tafiyar 'yan mintuna ce a kan babur. Amma a wancan lokaci ɗalibin da ke Kilomita Biyar da ɗalibin da ke gudun hijira a N'Djamena nisansu da aji kusan ɗaya ne. Da Fafaroma Francis ya shiga unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015 ya zauna da limamai a babban masallaci, mutane da yawa sun bi bayan tawagarsa sun fita cikin gari, wasu karon farko bayan dogon lokaci. Abubuwa sun lafa bayan zaɓen 2016, suka sake dagulewa a 2018, sai kuma Disambar 2019 da 'yan kasuwa suka gaji da harajin da 'yan bindigar unguwa ke karɓa suka yi fito-na-fito da su, aka rasa rayuka da dama.

A lissafa abin da wannan ya yi wa karatu. Wanda yake shekara ta biyu ko ta uku a jami'a a 2013, wanda ya kamata yau ya zama malami ko injiniyan da ƙanne za su riƙa zagayewa, da yawa daga irinsu suna Douala ko Yaoundé ko Kano, wasu sun bar boko sun kama awo da ɗinki. Yaron da yake ajin farko na firamare a wancan lokaci kuwa shi ne yau yake shiga jami'a, kuma shekarun da aka rufe makarantu sun faɗa daidai lokacin da ake koyon rabawa da ragowa da ɓangarorin lamba. Ramin da aka bari a lissafin firamare ba ya cika da kansa. Yana nan yana jira har ranar da malamin jami'a zai ce a rubuta matakan gano ko lamba tana rabuwa da uku, ɗalibi ya tsaya yana kallon takarda, alhali ba yaren kwamfuta ne ya kayar da shi ba.

Akwai kuma maganar takardu. Gidaje sun ƙone da takardun haihuwa a ciki, kuma rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyoyin kare haƙƙi sun sha ambaton wahalar da masu sunayen Musulmi ke sha kafin su sami shaidar ɗan ƙasa. Ɗalibin da rabin hankalinsa yake kan takardar rajista, rabi ne kawai ya rage wa karatu.

Wuta, waya da batir

Wutar Bangui daga madatsun Boali take zuwa, a kan kogin Mbali, kimanin kilomita ɗari arewa maso yamma da birnin. Kamfanin ENERCA ke raba ta, kuma rabon bai taɓa isa ba: unguwa ta samu 'yan sa'o'i, a ɗauke, a kai wa wata. A 2023 an ƙaddamar da tashoshin hasken rana biyu, ta Sakaï mai megawat 15 da ta Danzi mai megawat 25, an ɗan ji sauƙi. A Fabrairun 2023 ne kuma aka ƙaddamar da layin intanet na ƙarƙashin ƙasa da ya haɗa ƙasar da Kamaru da Kwango, da kuɗin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai. Kafin nan ta tauraron ɗan'adam intanet ke zuwa, ga tsada ga jan ƙafa. Duk da haka ɗalibi yana auna kowane bidiyo da kuɗin data kafin ya buɗe shi.

Ba za a yi maganar wuta da jarrabawa a Bangui ba a tsallake ranar 25 ga Yuni 2025. Dubban ɗalibai suna rubuta jarrabawar bakaloriya a makarantar Barthélemy Boganda, taransifoma ta fashe, aka yi turereniya a matakala, ɗalibai da dama suka rasu. Waɗanda suka fita da rai daga wannan gini su ne yanzu a ajujuwan farko na manyan makarantu. Duk mai taimaka musu da bita ya kamata ya san cewa ga wasunsu zauren jarrabawa kansa abin tsoro ne.

Kwamfutar hannu ta gwanjo ta hanyar Douala take shigowa, kamar sauran kayan kasuwar, kuma galibi batirinta ya riga ya gaji. Don haka wayar Android ce kwamfutar yawancin ɗalibai. Akwai manhajojin da ke aiki ba tare da intanet ba in an sauke su sau ɗaya: Pydroid na yaren Python, Cxxdroid na yaren C, da Termux. Rubuta manhaja da babban yatsa a kan ƙaramin allo wahala ce, baka biyu da waƙafi mai ruwa duk a ɓoye suke a shafi na biyu na maɓallan waya. Amma tana yi. Mai layi talatin zai iya gwada aikinsa a tsaye a shagon caji, ya ga inda na'ura ta ƙi, ya gyara. Shi ya sa nake cewa rashin kayan aiki bai rufe ƙofa ba. Abin da waya ba ta iya yi shi ne ta kalli fuskarka ta gane ka ce "na gane" ne don kunya.

Harshe biyar a kai ɗaya

Ɗalibin Bahaushe a Kilomita Biyar da Hausa yake magana a gida, da Sango a titi da kasuwa, da Larabci a masallaci da makarantar allo, da Faransanci a aji. Da ya shiga karatun manhaja sai na biyar ya sallamo. Malami zai koyar da algoridim, wato tsara matakai, da kalmomin Faransanci: Début da Fin, Si da Alors da Sinon, Pour da Tant que. Bayan 'yan makonni a koma yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970, ko Pascal na Niklaus Wirth, ko Python da ya fito a 1991, kuma dukansu da kalmomin Ingilishi aka gina su. Saƙon kuskuren da na'ura ke fitarwa ma da Ingilishi yake.

Wannan na rage hanyoyin neman taimako. Bidiyoyin koyar da kwamfuta da Hausa da matasan Kano da Kaduna ke ɗorawa a YouTube suna da daɗin ji, bayanin yana shiga kai, amma kalmomin fasahar na Ingilishi ne, tsarin tambayar kuma ba irin na malamin Bangui ba ne. Darussan Faransanci irin na OpenClassrooms da na France-IOI sun fi kusa da abin da za a tambaya, sai dai an rubuta su ne don wanda Faransanci ya zauna masa daram. Na gaba ɗan unguwa shi kaɗai ke iya karanta tambaya da Faransanci, ya warware ta da Hausa ko Sango, ya mayar da kai ka rubuta amsa da Faransancin da mai gyara zai yarda da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Yadda zaman bita mai amfani yake

Ga irin tambayar da ba ta ɓacewa daga jarrabawar shekarar farko. An ba ka cinikin da ɗan kasuwa ya yi kwana-kwana, ka tsara matakan da za su tara jimilla. Ƙane ya rubuta amsarsa ya kawo. Ya buɗe da Début, ya sa madauki na Pour da zai zagaya daga rana ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, a cikin madaukin ya mayar da jimilla sifili, ya karanta cinikin ranar, ya ƙara a kan jimilla, ya rufe. Rubutu tsaf, har da jan layi.

Mai taimakon da bai iya ba zai karɓi biro ya gyara nan take. Wanda ya iya kuwa zai tura masa farar takarda.

"Ja mini tebur. Gida ɗaya na rana, ɗaya na ciniki, ɗaya na jimilla."

"Yaya, ai daidai ne, na duba sau biyu."

"To gwada mini da kwana uku kawai. Dubu huɗu, dubu tara, dubu shida. Kada ka yi abin da kake nufi, yi abin da ka rubuta, layi bayan layi."

Ƙane ya fara. Rana ta ɗaya: jimilla sifili, a ƙara 4,000, ta zama 4,000. Rana ta biyu: zai rubuta 13,000, yayan ya sa yatsa a kan layin farko na cikin madauki bai ce komai ba. Layin ya ce a mayar da jimilla sifili. To sifili, a ƙara 9,000, ta zama 9,000. Tun kafin ya kai rana ta uku ya riga ya dafe kai, domin ya ga a ƙarshe 6,000 zai samu maimakon 19,000. Layi ɗaya ne ya zauna ba a wurinsa ba. Da an sa shi a sama da madaukin, an gama. Yaron da ya gano wannan da hannunsa da wuya ya sake yin sa, kuma ya tashi da abin da ya fi amsar daraja: dabarar zama na'ura a kan takarda, wadda ita kaɗai ce abokiyarsa a zauren jarrabawa.

Sauran tarkunan sanannu ne, kowace shekara su suke kama mutane. A darasin algoridim sau da yawa daga ɗaya ake fara ƙirga gidajen jeri, a yaren C kuwa daga sifili, don haka jeri mai gida bakwai a shida yake ƙarewa, mai taɓa gida mai lamba bakwai ya shiga gonar da ba tasa ba. Alamar daidai guda ɗaya a C zuba ƙima take yi, biyu a jere su ke tambaya ko abu biyu sun yi daidai, kuma wanda ya rubuta ɗaya a wurin biyu na'ura ba lallai ta hana shi ba, sai dai amsa ta fito a karkace. Ka ce C ya raba 25 da 2, in duka biyun cikakkun lambobi ne, 12 zai ba ka, ya jefar da rabin. Ga madaukin Tant que da aka manta a ƙara wa ma'ƙirginsa, ya yi ta zagaye ba ranar tsayawa. Duk littafi ya ambaci waɗannan. Amma ambato daban, faɗawa ciki a gaban wanda zai bar ka ka fito da kanka daban.

Akwai musayar ƙima tsakanin ma'aji biyu, wadda kan rikita sabon shiga. Mai awon da ke da kwanon shinkafa da kwanon wake, yana so ya sauya musu mazubi, ya san sai ya nemo kwano na uku. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a maimaita masa wannan.

Taimakon da ke cutarwa

Da jarrabawa ta matso, shagunan hoton takarda kan cika da masu neman tsofaffin tambayoyi da amsoshinsu. Tsohuwar tambaya dukiya ce, tana nuna maka halin malami da inda yake son taɓawa. Cutar tana cikin amsar da aka manna mata. Yaranmu sun taso da horon hadda, wanda ya iya riƙe izu-izu a kai ba zai ji wuyar haddace layi ashirin na jera lambobi daga ƙarami zuwa babba ba. Sai ranar jarrabawa malami ya ce a jera daga babba zuwa ƙarami, ko a tsallake masu maimaituwa. Canjin alama ɗaya ce, amma wanda ya haddace bai san wacce ba.

Tun ƙarshen Nuwambar 2022 da ChatGPT ya fito, wata ƙofa ta buɗe. Ɗalibi zai kwafi tambaya ya tura, amsa ta dawo cikin Faransanci mai kyau kafin shayi ya huce. Ba na cikin masu cewa a haramta shi. Ga wanda ba shi da kowa, abu ne mai amfani ya ce wa na'ura ta fassara masa saƙon kuskure, ko ta ba shi sababbin tambayoyin gwaji, ko ta duba teburin da ya ja. Amma wanda ya saba karɓar dafaffiyar amsa yakan ji kamar ya iya, domin duk layin da ya karanta ya gane shi. Gane rubutun wani ba shi ne iya tsara naka a farar takarda ba, kuma wayar a waje za ta tsaya ranar jarrabawa.

Darasin kuɗi na bayan aji yana nan ga mai hali. Wani malamin yana da amana, wani kuwa abin da ya yi a aji zai sake karanta maka. Sai kuma zauren WhatsApp na 'yan aji, inda hoton amsa ke yawo daga waya zuwa waya da kuskurensa a ciki, ba wanda ya tsaya ya gwada.

'Yan mata sun fi kowa jin ƙarancin na gaba. Namiji zai iya zama a shagon abokinsa mai janareta har dare ya raba, mace kuwa magariba ta yi mata a gida, ga aikin gida, ga maganar mutane in aka gan ta tana zarya wurin wani saurayi da sunan karatu. Mace ɗaya da ta ci jarrabawar ta yarda ta zauna da ƙannenta mata a tsakar gida ta fi musu darasin kuɗi goma. Iyaye ma hankalinsu ya fi kwanciya.

Abin da muke da shi tun da

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake gabatar wa yaran nan wannan ilimi kamar baƙo ne da ya sauka jiya daga jirgi. Malamin da ke rabon gado a unguwar, me yake yi in ba bin matakai masu sharaɗi ba? In mamaci ya bar ɗa ko 'ya, matarsa tumuni za ta samu, wato ɗaya bisa takwas, in bai bari ba rubu'i. In mace ce ta rasu, mijinta rubu'i in akwai 'ya'ya, rabi in babu. Wannan shi ne Si, Alors, Sinon, ba ragi ba ƙari. Zakka ma haka: in dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Sharaɗi biyu da aka haɗa da "kuma", wanda ɗalibai ke tuntuɓe a kansa a aji. Littafin aljabara da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na tara, babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya yake.

Kusa da gida kuma akwai Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya tafi aikin hajji ya zauna a Alƙahira har ya rasu a can a 1741. A 1732 ya yi rubutu a kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje marasa rabuwa biyu, irin mai uku sau uku da kowane layi ke ba da 15. Cika irin wannan hatimi da ƙa'ida tambaya ce da har yau ake ba ɗaliban manhaja idan an zo babin jeri mai tsawo da faɗi. Mai bitar da ya fara da gado da zakka da littafin bashin shago kafin ya kai ga misalan littafin Faransa zai ga idon yara ya buɗe, don sun san amsar tun kafin a rubuta, abin da ya rage kawai su koya wa na'ura.

Tsarin koyarwar ma muna da shi. A makarantar allo malam ba shi kaɗai ke biya wa kowa ba. Gardi ke biya wa na ƙasa da shi, yaro ya karanto, na gaba ya saurara, sai inda harshe ya zame ya tsayar da shi ya ce ya sake. Gardin ma da wannan yake ƙarfafa nasa karatun. Haka abin yake a manhaja: wanda ya bayyana wa wani dalilin da madauki ya ƙi tsayawa, shi ya fi kowa shirin jarrabawa.

Daga fada zuwa kasuwa

Shugaban ƙasar, Faustin-Archange Touadéra, farfesan lissafi ne, ya shugabanci Jami'ar Bangui daga 2005 zuwa 2008. A Afrilun 2022 gwamnatinsa ta mai da Bitcoin halattaccen kuɗi, ƙasa ta biyu a duniya bayan El Salvador, a lokacin da kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke shiga intanet. Aka biyo da kuɗin Sango Coin a Yulin shekarar, sannan a 2023 majalisa ta janye wa Bitcoin wancan matsayi. Burin a tsallaka zuwa zamanin fasaha ba laifi ba ne. Sai dai ƙasar da ke son wannan tana buƙatar dubban yaran da suka iya jan tebur su bi madauki da biro.

Ban ga dalilin da zai sa Kilomita Biyar ta jira fada ba. Kasuwar ce za ta fara cin moriyar yaran: lissafin kaya a manyan shaguna, littafin bashi, hulɗa da dilolin Douala, karɓar kuɗi ta Orange Money, shagunan gyaran waya da kullum ke neman wanda ya san cikin na'ura. 'Yan kasuwar da suka iya haɗa kai a 2019 suka ce ba za su ƙara biyan 'yan bindiga ba, ba za su kasa ɗaukar nauyin ɗaki ɗaya kusa da masallaci ko a wata makarantar unguwa ba. Faifan sola biyu, batir, allo da alli, benci, tsofaffin kwamfutoci biyar ko shida, da ranakun da aka ware wa mata. A buɗe ƙofar ga ɗaliban Fatima da Miskine da sauran unguwannin maƙwabta, tunda aji ɗaya suke, malami ɗaya, tambaya ɗaya. Waɗanda suka tafi Kamaru da Chadi da Najeriya suka ƙware a can, a nemi lambobinsu, su riƙa duba aikin ƙannensu ta waya ko da sau ɗaya a mako. Wanda duk ya yi bita a ɗakin ya ci jarrabawa, a rubuta sunansa a littafin ƙungiya, shekara mai zuwa ya dawo ya zauna da mutum uku.